Shekarar da Gwaggonku Habi Ta Shiga Lekol

Na san abin da kuka daɗe kuna ji a bakin dangi, cewa ni na kori yayata daga gidan nan. Wasu ma cewa suke na sayar wa baƙi da aikin hannunta. Babu wanda ya taɓa tarar gabana da maganar a cikinku, kuma na gode da wannan kunya, amma ina lura da yadda kuke sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci garin Ɗan Barto a gabana. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya tunawa. Ban sayar da komai ba, ban kuma kori kowa ba. Sai dai kada ku yi saurin murna, domin ban tabbata abin da na yi ya fi wanda ake faɗa sauƙi ba, kuma har yau akwai wuraren da ni kaina ban gane kansu ba.

Saura shekara uku in ajiye aiki, ina riƙe da aji shida a wata lekol, wato makarantar boko, a nan Matameye. Kun san irin mushe, wato malami, da nake, tunda wasunku sun zauna a ajina. Dikte, wato shifta, da lissafi na sani, sai tsumagiya. Awar zane da aka rubuta a tsarin mako, dikte nake mayar da ita, kuma duk yaron da na kama ya zana mota a bayan kayensa na rubutu, yatsunsa su gaya masa. A ganina zane aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ana nan wata safiya direktanmu, Mushe Abdu, wanda shi ma da hannuna na koya masa baƙi, ya kira ni ofis. Na tarar da akwati buɗe a kan tebur, a ciki wasu alluna na gilashi guda goma sha biyu, kowanne bai wuce faɗin littafi ba, ga kuma farantin sola na yi musu caji jingine da bango.

"Mushe Sani, poroje ne, wani shirin tallafa wa lekol, ya kawo mana. Tabilet sunansu. Ajinka aka zaɓa."

"Ni? Ni da ko saƙon salula sai an buɗe mini? Ka ba yaran malamai mana."

"Ajin jarrabawa suka ce suna so. Jibi za ka Damagaram, kwana biyar za a koya muku."

A Damagaram wata yarinya ce ta tsaya a gabanmu, Madam Rakiya, 'yar Yamai, ba ta girmi babbar yayarku Zuwaira ba, Hausarta kuma ba ta nuna ba, don haka da Faransanci aka yi komai. Ta ce mana zane da lissafi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, mu malamai ne muka raba su, wannan allo kuma shi zai sake haɗa su. Ta sa yatsa ta zana rabin malam-buɗe-littafi, ta taɓa wani wuri, sai ga ɗaya rabin ya fito da kansa. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, ban san abin da nake tafa wa ba. A rana ta uku na daure na ɗaga hannu na ce, wannan abu a wace awa za a sa shi, ta lissafi ko ta zane, tunda dai a jarrabawar ƙarshen shekara ba a tambayar malam-buɗe-littafi? Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta wulaƙanci ba.

"Mushe, ka nemi abin da yaran suka riga suka sani a gidajensu, ka fara daga nan."

Na rubuta maganar a kayena, na ja mata layi biyu, na dawo gida da ita kamar wanda aka ba maganin da ba a gaya masa ko sha ake ko shafawa ba. Sau ɗaya na gwada fito da allunan. Yara fiye da sittin a kan allo goma sha biyu, kafin in juya sun gano inda ake ɗaukar hoto, wannan ya ɗauki hancin wancan, wancan ya ɗauki kunnen wannan, aji ya koma kasuwa. Na tattara na kulle a akwati. Wata guda suna ciki. Kullum Mushe Abdu sai ya leƙo ya tuna mini cewa Madam za ta zo ganin aiki, ni kuma in ce masa ina shiri. Ba shirin da nake yi.

A lokacin shekarar Gwaggonku Habi takwas a gidan nan, tun rasuwar mijinta a Kance. Ɗakinta ne wanda ke kallon nawa, inda yanzu ake ajiye buhunan gero. Ta girme ni da shekara biyar. Lokacin da aka zo ɗibar yara lekol muna ƙanana, Baba ni ya bayar, ita ya ce ta zauna ta taya Inna aiki. Ita ke riƙe hannuna kowace safiya ta kai ni bakin ƙofar lekol, ta tsaya nan sai na shige, sannan ta juya. Ba ta taɓa taka ƙafarta ciki ba. Har na yi furfura "ɗan lekol" take ce mini. Aikinta saƙar faifai, kullum bayan azahar tana ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida da kabarta rinanna da basilla. Wata rana na dawo daga aiki kaina ya yi zafi, na zauna kusa da ita ba don komai ba, idona ya sauka a kan hannunta. Sai na ga ja ya yi uku ya tsaya, fari ya yi biyar. A zobe na gaba ja uku, fari shida. A na gaba bakwai. Na matso.

"Yaya, ƙirga kike yi?"

"Ƙirgan me? Awaki ne?"

"To ta yaya kika san inda jan zai tsaya?"

"Hannu ya sani."

Innarku tana bakin murhu ta jiyo mu, ta ce, "Ikon Allah. Shekara takwas ana yi a gabanka, sai yau idonka ya buɗe?"

Da na ce wa Gwaggonku ta zo ajina ta yi saƙar a gaban yara, dariya ta yi har da tari. Ta ce lekol ɗin da ba ta neme ta ba tana da haƙora, me za ta yi da ita yanzu? Innarku ma ba ta so ba, ta ce zan kai babbar mace 'ya'yan mutane su mayar da ita abin kallo. Kwana uku ina lallashi. A na huɗu ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Ta ce kowane zane yara suke so su ɗauka a gilashinsu, su ɗauka, ban da sawun kurciya. Ku mata kun san shi, kowaccenku tana da nata a ɗaki. Shi ne zanen da Inna ta gada wurin tata uwar, ba a kai shi kasuwa, ba a ba baƙo, 'yar gida kawai ake saƙa wa in za ta ɗakin miji. Na ce na ji, na yarda.

Ranar Laraba ta sa zanenta na zuwa biki, ta ɗauki kabarta a ka, muka tafi. Da muka iso ƙofar aji sai ta tuɓe takalmi kamar za ta shiga masallaci. Yara suka miƙe gaba ɗaya suka ce, "Bonjur Madam!" Ta waiwaya bayanta tana neman wadda ake gaisarwa. Na ba ta kujerata ta ƙi, aka shimfiɗa mata tabarma a gaban tabulo, babban allon aji, ta zauna ta fara aiki. Na raba allunan ina addu'a a zuci. Yara suka ɗauki hoton faifan, suka sa yatsu biyu suka buɗe hoton, abin da ni ban ma san ana yi ba, har kowane ɗinki ya fito ƙato, suka shiga ƙirgawa suna gardama. Daga nan na ce kowane gungu ya zana kashi ɗaya cikin huɗu na faifan a allonsa, ya taɓa wurin da Madam ta nuna mana. Akwai wata yarinya Balki, mai zama can baya, wadda wata uku ina fama da ita a kan rabawa ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Ita ce ta ɗaga murya ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Mushe, namu ya ƙi haɗuwa. Zoben ɗinki ashirin da huɗu ne, mu bakwai muka zana. Shida ya kamata, shida sau huɗu."

Na tsaya da alli a hannu. Wa ya koya mata? Ba ni ba, don ni na gwada na kasa. Ba Gwaggonku ba, ita da ta ce ba ta ƙirga komai. Gilashin kuwa ba ya magana. Ina cikin wannan sai Balki ta gyara zanenta ta kai wa Gwaggonku ta gani, ta taɓa allon a gabanta, kashi ɗayan nan ya juya ya cika faifai guda. Gwaggonku ta ja da baya har basilla ta faɗi.

"A'uzu billahi! Wa ya gaya masa sauran?"

Ta kalle ni tana jiran amsa, yara ma suka kalle ni. Na ce mata haka aka yi shi. Amsar da nake da ita ke nan, kuma har yau ban samu wadda ta fi ta ba.

Daga nan kowace Laraba sai ta je. Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta watannin nan ba. In maƙwabta suka aiko a yi musu wani abu sai in ji tana cewa, "A ce mata sai jibi, gobe ina da lekol." Yara suna zuwa da kabar iyayensu, wasu suna kawo hular babansu ko tabarma a ɗauki hoto a ƙirga. Tsumagiyata ta bushe a saman tabulo. Ni kuwa kullum in na shiga aji ban san ko lissafi nake koyarwa ba, ko saƙa, ko kuwa ni ne ɗalibin. In Mushe Abdu ya tambaye ni abin da zan rubuta a littafin darasi, sai in ce ya rubuta duk wanda ya ga dama.

Ranar da Madam Rakiya ta zo ta dace da saura mako biyu bikin autarku Mariya, Gwaggonku kuma tana tsakar saƙa mata sawun kurciya. Don kada aiki ya tsaya sai ta taho da shi aji, ta ce yara su yi nasu ita ta yi nata a gefe. Madam tana shigowa idonta ya faɗa a kansa. Ta durƙusa, ta saita allo a kan hannun Gwaggonku, ta fara ɗaukar hoto mai motsi. Gwaggonku ta ɗago ta ce mini a hankali, "Ɗan lekol, gaya mata wannan ba na ɗauka ba ne." Na ce to. Ban gaya mata ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau, Madam ba ta da laifi, ba ta ji abin da aka ce ba. Bayan an tashi, Gwaggonku ta wuce gida, aka kira ni ofis. Madam ta ce a duk lekol ɗin da ta zaga ba ta ga darasi irin wannan ba, tana so a sa shi a allunan dukan lekol ɗin poroje, amma sai mai aikin ta yarda. Ta miƙo takarda. Shekara talatin da wani abu ina aiki, ba wanda ya taɓa zuwa daga Yamai ya ce na yi daidai. Mota tana waje direba ya tayar da ita. Mushe Abdu yana kallona yana murmushi. Na ce ai yayata ce, a hannuna take, na karɓi biro na sa hannu. A wurin suna ma nawa na rubuta.

A hanyar gida na yi ta gaya wa kaina dalilai. 'Yan matan yanzu murfin roba suke saye, in Gwaggonku ta mutu zanen ya bi ta, gara ya shiga hannun yara dubu da ya shiga ƙasa. Har yau ina ganin wannan maganar gaskiya ce. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, ita ce tsoro nake kada in tambaye ta ta ce a'a.

Shekara ta zagayo, an gama girbi. Wata ranar kasuwa ina cin tuwon rana, Gwaggonku ta shigo ko mayafi ba ta cire ba, ta ajiye wani faifai a gabana. Sawun kurciya ne, ba ko tantama, sai dai an sa kore a inda baƙi yake zama.

"Wata mata 'yar Yauri na tarar da su a gabanta, sun fi goma. Ta ce 'yarta ce ta koyo a lekol."

Na ajiye loma. Innarku ta fito daga ɗaki ta tsaya.

"Mushe, ana yi maka magana. Ka ce wani abu mana."

Na ce abubuwa da yawa. Na yi bayanin ilimi, na yi na gado, na yi na 'yan baya, da muryar nan tawa ta gaban aji. Ta bar ni har na ƙare, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Bayan kwana biyu ɗanta Hamisu ya zo daga Ɗan Barto, aka ɗora kayanta, ta bi ɗaki ɗaki ta yi sallama, ni ma ta ce mini a sauka lafiya kamar ni ne mai tafiyar. Ba faɗa, ba zagi. Wannan ita ce korar da kuke ji. Innarku ta yi makonni ba ta ce mini komai in ban da ga abinci, sai rana ɗaya da take kwashe kwanuka ta ce, "Tsakanin ɗakinka da nata taku nawa ne?" Ba ta jira amsa ba.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, a daidai wannan lokacin ne aka fi yabona a aiki. Yaran da na yi wa wannan darasi sun ci jarrabawa fiye da duk ajin da na taɓa riƙewa, har da Balki. Malamai suna zuwa daga wasu lekol su zauna a bayan aji su kalli yadda nake yi. Da safe a yi ta ba ni hannu, da rana in dawo in tarar da ƙarƙashin bedi ba kowa. In na ce na yi kuskure, sai in tuna yaran. In na ce na yi daidai, sai in kalli ƙofar ɗakin nan a rufe.

Sai da aka yi wata huɗu sannan na iya hawa kabu-kabu na tafi Ɗan Barto, lokacin ana tsakar saran rake. Na same ta a inuwar rumbu da 'yan mata uku kewaye da ita, kowacce da kaba a hannu. Ta sallame su, ta sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da sunansa. Sannan ta nuna ɗaya daga cikin yaran da haɓa, wadda ke fita ta ƙarshe.

"Ka ga waccan? Satin da na zo ta same ni ina saƙa, ta ce, Iya, kawo in nuna miki wani sabon yayi da muka gani a lekol, hannun wata tsohuwa ne a cikin gilashi. Ta karɓi basillata ta zauna tana koya mini zanen uwata."

"Kika ce mata me?"

"Me zan ce? Na zauna na koya. Har cewa ta yi in dage, tsohuwar gilashin ta fi ni sauri." Ta yi 'yar dariya ta goge ido da bakin zane. "Na rasa kuka zan yi ko guɗa. Inna tana raye a hannun 'ya'yan da ba ta sani ba, kuma an washe ta. Duka biyun."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Da ka tambaye ni."

"Da kin yarda?"

"Ban sani ba. Wata rana in tashi in ce da na ƙi. Wata rana in ga yaran nan in ce da na yarda. Yanzu kuma ba zan taɓa sani ba. Wannan ne ka ɗauke mini, ba faifai ba."

Ta ce ta yafe, duniya da lahira, amma zamanta ya dawo nan. Ba ta koma Matameye ba, a can Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu, kuna wurin. Abin da ba ku gani ba shi ne rakiyar da ta yi mini a ranar. Mun kai bakin zaure sai ta tsaya.

"Ɗan lekol, a takardar nan da ka sa wa hannu, da wane suna ka rubuta ni? Habi ko Habiba?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce sunanta ba ya ciki, nawa ne.

Can ta ce, "To rubuta mini shi in gani. Ban taɓa ganin sa da bokonku ba."

Na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta da yatsa, baƙi huɗu. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta karkata kai ta wannan gefe, ta karkata ta wancan.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan."

"Ɗan wannan abin ne ya rasa wuri a takardarku?"

Mai kabu-kabu yana ta danna oda a waje. Na ɗaga ƙafa zan share rubutun kamar yadda na saba share tabulo, sai ta riƙe mini riga. Ta koma ciki ta ɗauko kwano, ta kife a kansa, kada kaji su tone.